Wace ƙasa zan zuba a filin lodin maket ɗina? Ta leda ta ƙi kama da Gaundare

Sani Baladji:
Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah inada tambaya ga waɗanda suka riga mu a harkar nan. Ina haɗa maket, wato ƙaramin samfurin wuri, na ƙaramin jirgin ƙasa, a ma'aunin ƙanƙanta da ake kira sikelin HO, akan allon katako mai tsawon mita 2, abinda nakeso in fitar shine irin filin kaya na tashar jirgin Gaundare a Kamaru, wato inda ake sauke kwantena da buhuna daga tarago ana loda wa manyan kamiyo, motocin kaya kenan, masu zuwa Garwa da Marwa da Cadi, da sito biyu da tankin mai a gefe. Layin dogo na kafa shi, jirgi yana zagayawa lafiya lau. Matsalar itace ƙasa. Wani abokina ya kawomin leda uku daga Faransa, baƙar tsakuwa da mai ruwan toka da koriyar ciyawa, na barbaɗa kaɗan a gefe in gani kafin in sa gam, wlh kyau kam akwai kyau amma ko kusa baiyi kama da garinmu ba. Me zan zuba?

Malam Isa Garwa:
Wa alaikumus salam Sani. Ba zai yi kama ba ai. Wannan baƙar da kake gani an yi ta ne don masu haɗa tashoshin Turai da Amurka na zamanin jirgi mai cin kwal, lokacin tokar kwal ɗin ake zubarwa tsakanin layuka har filin duk ya koma baƙi. Mu kuwa layin bai iso Gaundare ba sai 1974, kuma kan jirgi mai shan gazuwal, wato dizal, ne yake jan kaya, to daga ina tokar kwal za ta fito? Ajiye ta gefe, za ta yi maka amfani a wani wuri.

Baffa Hamadu:
Ɗana Sani, ni ban taɓa haɗa ƙaramin jirgi ba, jikana ne ya saka ni a gurup ɗin nan, amma irin filin da kake magana a cikinsa na ci ƙuruciyata, kamiyo na ja tsakanin Gaundare da Njamena har gwiwa ta ce ya isa haka. To bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Ƙasar filin lodi ba launi ɗaya ba ce. Asalinta ja ce, jar ƙasar Adamawa, amma inda manyan motoci ke juyawa taya ta niƙe ta ta zama gari, da rani sai ta yi haske ta koma kamar ruwan hoda, in ka taka ƙafarka ta nutse. Inda motoci ke kwana suna jiran lodi kuwa ta daddaɓe ta yi tauri ta yi duhu saboda mai da ke ɗiga, kowace mota da tabonta a ƙarƙashin inji. Bakin sito za ka ga abin da ya zube daga buhu, masara ko shinkafa ko garin siminti, awaki da tsuntsaye suna bi. Ciyawa ba ta samun zama a tsakiyar fili, sai jikin katanga da gindin falwaya da bayan sito inda ba mai takawa. Kuma kada ka manta da sawun taya, da damina mota mai nauyi in ta wuce sai ta bar rami biyu dogaye, ruwa ya kwanta ciki ja wur, su bushe a haka har shekara ta zagayo.

Sani Baladji:
Allah ya ƙara girma Baffa, wannan kam kamar ka ɗauko min hoto. Kenan kawai inje bayan gida in ɗebo ƙasa in zuba?

Malam Isa Garwa:
A'a tsaya tukuna, akwai lissafi. HO ɗaya bisa 87 ne, duk abin da ka ɗora a allon nan ido zai ninka shi sau 87. Ƙwayar yashi mai milimita 1 ta zama dutse mai kusan santimita 9, mai milimita 2 ta zama mai santimita 17, ka ga kenan in ka zuba yashin mayo, wato na kogi, yadda yake filinka ya zama wurin fasa dutse, ba motar da za ta bi ta ciki. Mutum mai tsawon mita 1.70 a maket ɗinka santimita 2 ne bai cika ba, ka ajiye ɗan mutumin roba kusa da ƙasar ka duba, in ƙwayar ta kai girman takalminsa to ta yi girma. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layin dogo na gaske tana kai santimita 3 zuwa 5, a HO kenan wajen rabin milimita. Ita kuwa ƙasar filin, wadda Baffa ya ce taya ta niƙe, ba ta da ƙwayar da ido zai gani sam, gari ce.

Maimuna Marwa:
Malam ya gama magana. Ni maket na gine-gine nake yi wa masu zanen gida, ba jirgi ba, amma ƙasa ɗaya ce. Ga yadda nake yi Sani. Ka ɗebo busasshiyar ƙasa daga inda ba a zuba shara, ka daka a turmi, ka fara tankaɗewa da rariyar gari, abin da ya wuce ka sake tace shi da matacin shayi, sannan na ƙarshe ka ɗaure tsohon gyale mai shara-shara a bakin gwangwani ka riƙa kaɗawa. Kashi uku kenan ka samu, kada ka zubar da ko ɗaya. Wanda ya tsaya a rariya na tulin duwatsu ne a gefen fili, na tsakiya na gefen hanya da bakin kwata, wanda ya ratsa gyale shi ne filinka. Kafin duk wannan ka soya ƙasar a tsohon kasko ta yi zafi sosai, saboda ƙwan ƙwari da irin ciyawa da ke ciki, ba wanda ke son wata rana ya ga abu yana motsi a maket ɗinsa. Kaskon kuma kada ya zama na uwar gida in kana son zaman lafiya.

Ɗan Kusiri:
Ni fa gaskiya ban yarda da wannan wahalar ba. Kamfanoni irinsu Noch da Busch da Woodland Scenics suna da launi kala-kala har da ja da ruwan ƙasa, an riga an tace an wanke an auna girman ƙwaya, kai dai ka buɗe ka zuba. Abokin Sani ne bai zaɓo launin da ya dace ba, wannan ba laifin kayan leda bane. Kuma ƙasarku ta bayan gida akwai ƙarfe a ciki, injin ƙaramin jirgi maganaɗisu ne a cikinsa, zai zuƙe garin ƙarfen nan ya cika giya, kan jirgin da ka saya da kuɗi masu yawa ya lalace saboda kana tsimin kuɗin leda ɗaya, wannan wace irin dabara ce?

Malam Isa Garwa:
Maganar ƙarfe gaskiya ce Ɗan Kusiri, amma maganinta sauƙi gare shi. A ciro maganaɗisun tsohuwar sifika, a sa shi cikin leda, a shanya ƙasar a faranti a riƙa bi ta kai har ya daina kama komai, in an zare ledar garin ƙarfen ya zube da kansa. Yashin mayo ma yana tara irin wannan baƙin garin. Sannan duk abin da gam ya kama ai ba ya tashi, wanda bai kamu ba a share shi tas kafin a ɗora jirgi.

Maimuna Marwa:
@Ɗan Kusiri in ya zo tsakuwar ƙarƙashin babban layi ina bayanka, ta leda ta fi, don girmanta ɗaya ne kuma idon mai kallo can yake fara sauka. Amma filin mita 2 leda nawa za ka oda? Kuma jansu ba jan Gaundare ba ne, launi ɗaya ne daga farkon leda har ƙarshe, ita kuwa ƙasar Allah cikin cokali ɗaya akwai ja akwai rawaya akwai duhu, shi ya sa ido ke yarda da ita.

Ɗan Kusiri:
To Anti mun raba, layi nawa fili naku 😂

Abakar Njamena:
Ku masu jirgi kuna faɗa, mu a Cadi ko mita ɗaya na layin dogo bamu da shi, kayanmu a Gaundare suke sauka su hau kamiyo su biyo ta Kusiri ko su bi ta Tuboro zuwa Mundu, an daɗe ana maganar za a ja layin ya iso mu, to ni dai na gaji da jira na ja nawa a falo, tasha na yi a bakin Shari da masana'antar gurzar auduga kusa da ita. Abinda zan ƙara shine kada wani ya ɗauka jar ƙasa ce ta ko'ina. Daga Marwa ka nufo Kusiri har Njamena ƙasar laka ce mai duhu, karal ɗin nan da ake shuka muskuwari, dawar rani, a kai, da rani tana tsattsagewa, sama kuma ƙura ta lulluɓe ta ta koma ruwan toka mai haske. Ni laka na jiƙa ta yi ruwa-ruwa na shafa siriri da buroshi a wuraren da nake so su zama busasshen tabki, da ta bushe ta tsage da kanta ƙanana ƙanana daidai sikeli, sannan na ɗiga gam a kai. In ka shafa da kauri tsagar zata yi faɗi ta ɓanɓare.

Sani Baladji:
Kai yaya Abakar wannan dabara tayi. To maganar gam fa, wane iri? Wani yace min in kwaɓa ƙasar da siminti kawai.

Maimuna Marwa:
Kada ka kusanci siminti. Ranar da za ka so matsar da layi ko sito sai da guduma, kuma yana kashe launin ƙasa. Farin gam na kafintoci za ka saya a shagon kayan gini, ka haɗa rabi gam rabi ruwa, ka ɗiga sabulun wanke kwano ɗigo biyu. Amma kafin nan ka fara yi wa allon fenti da launin da ya yi kusa da ƙasar, don in wani wuri bai rufu ba kada farin katako ya leƙo, ka shafe gaba da baya har gefuna saboda danshi, damunar Gaundare doguwa ce allo yana iya lanƙwashewa. Sai ka shafa gam, ka barbaɗa garin ta cikin gyale, ka fesa ruwa mai ɗan alkol daga nesa sama-sama ya sauko a hankali har ƙasar ta jiƙe, sannan ka bi da gam ɗin nan mai ruwa da sirinji ɗigo ɗigo. In ka ɗiga gam a busasshen gari zai dunƙule ya yi ta gangarawa ya bar maka ramuka. Abu na biyu da mutane ba sa faɗa wa sabon shiga, ƙasa in ta sha gam tana yin duhu kuma ba ta komawa yadda take ko ta bushe, jar ƙasa sai ta koma launin damina. In filin rani kake so ka haɗa ta da farin garin da masu tayil ke cike tsakanin tayil da shi, ko garin alli, ka gwada a guntun katako ka bari ya kwana ka gani kafin ka taɓa babban allo. Bayan komai ya bushe kuma ka ɗauki busasshen gari da buroshi mai tauri ka goga a inda motoci ke bi, shi ke dawo da hasken ƙura.

Abakar Njamena:
Mu nan ƙaro ya fi komai araha, Cadi ai gidan ƙaro ce, na gwada shi yana kamawa kuma baya sa ƙasa duhu sosai, sai dai ko yaushe ruwa ya taɓa shi narkewa yake. Wanda yake son ya riƙa sauya fasali zai ji daɗinsa, wanda ɗakinsa ke da danshi kuwa ya haƙura.

Baffa Hamadu:
Koko ko sitaci fa? Da shi muke liƙa takarda a da.

Maimuna Marwa:
Baffa wannan kiran kyankyaso da tururuwa ne zuwa walima, a yi haƙuri 🙏

Baffa Hamadu:
To 'yata na janye.

Malam Isa Garwa:
Gargaɗi ɗaya kan gam. Inda layi ke rabuwa biyu, egiyaj, akwai harshe mai motsi, gam in ya shiga wurin ya bushe shi ke nan ya kafe. Ka rufe shi da salatif, ka riƙa motsa shi lokaci lokaci har aikin ya bushe. Cikin layi kuma ta gefen da bakin taya ke bi ka bi da tsinke ka fitar da duk ƙwayar da ta maƙale, ƙwaya ɗaya tana iya kayar da tarago. Saman ƙarfen ka goge da tsumma da alkol tun gam bai bushe ba don ta nan wuta ke shiga jirgi. A filin masana'anta fa ba kamar babban layi ba ne da tsakuwa ke tudu tsaf, layukan gefe yawanci ƙasa ta cinye tsakuwar, wani wurin ma katakon ƙarƙashi ba a ganinsa sai ƙarfe biyu kawai a kwance cikin ƙasa don motoci su iya tsallakawa. Wannan kaɗai in ka yi ya raba filin lodi da babban layi a ido.

Ɗan Kusiri:
Tunda ana maganar kama da gaske bari in tsokano, layin Kamaru faɗinsa mita 1 ne, a sikelin 87 ya kamata ya zama wajen milimita 12 wato siririn layin da ake kira HOm, shi kuwa Sani na tabbata mai milimita 16.5 ya shimfiɗa irin na Turai. To ka gyara ƙasa ka bar layi? 😏

Sani Baladji:
Yaya Ɗan Kusiri abinda ya samu shi aka shimfiɗa, in zaka aiko min da HOm kyauta ga adireshi nan zuwa inbox hhhh

Admin Garba:
Jama'a maganar faɗin layi a buɗe mata nata zaren, ta taɓa cinye mana mako guda a gidan nan. A koma kan ƙasa.

Nafi'u Figil:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni nawa maket ɗin na wajen fasa dutse ne da buhunan farar ƙasa irin na garinmu, kun san Figil dutsen siminti ne da farin dutse, to a wajenmu komai fari-fari ne ruwan toka, hanya da rufin kwano da ganyen bishiyar da ke kusa. Abinda na lura shine abinda masana'anta ke sarrafawa shi ke rina ƙasarta, kuma launin baya tsayawa a ƙofa, yana bin hanyar da motoci ke fita yana raguwa a hankali har ya ɓace cikin ƙasar gari. Mai yin wajen auduga ya sa farin kaɗa ya maƙale a waya da ciyawa da gindin katanga, mai yin wajen katako irin na Belabo ya sa ɓawon itace da garin zarto, mai depo na mai ya sa tabo. Sani tunda naka filin kaya ne kowane iri to kowane bakin sito da nasa launin, kaɗan kaɗan fa, da bakin cokali.

Abakar Njamena:
Maganar kaɗa gaskiya ne, lokacin gurza duk wanda ya wuce ta wajen kamfanonin auduga, Sodecoton a Garwa ko Cotontchad a Mundu, ya san yadda take bin iska. Amma kada ku sa audugar yadda take, zarenta yayi kauri, ku yanka ta da almakashi gutsi-gutsi har ta kusa zama gari, ku ɗan rina ta da ƙura don fara tas bata zama a fili, sannan ku tsare ta nesa da layi saboda zare yana naɗewa a gatarin taya.

Sani Baladji:
Tabon mai fa? Inada baƙin mai na mashin a gida, in ɗiga na gaske?

Malam Isa Garwa:
Kul. Ba ya bushewa, zai yi ta yaɗuwa cikin ƙasa yana wari, ya hau taya ya hau layi jirgi ya riƙa santsi. Fentin ruwa baƙi ka haɗa da ɗan ruwan ƙasa ka tsinka shi sosai ka ɗiga da bakin tsinke, in ya bushe ka ƙara wani ƙarami a tsakiyarsa. Tabo mai faɗin mita 1 a gaske santimita 1 ne da 'yan kai a wurinka, saboda haka hannu ya yi sauƙi. A tsakiyar layi inda kan jirgi ke tsayawa ka ja shi dogo. Can ne baƙar ledarka ta Faransa za ta shiga, ka daka ta ka barbaɗa kaɗan.

Maimuna Marwa:
Ciyawa kuma, koriyar nan taka kada ka zubar amma ka fara yanke shawara wane wata ne a maket ɗinka. In Agusta ne to kore ya halatta a jikin katanga har da tafasa, ƙasa kuma ta yi duhu da tabkuna. In Janairu ne ciyawa ta zama ruwan kara, wani wurin an ƙone ta ya bar baƙi, abin da ya rage kore sai tumfafiya da darbejiya da mangwaro. Abin da ke ɓata maket shi ne busasshiyar ƙasar rani da ciyawar damina a allo ɗaya. Busasshiyar ciyawa ba sai ka saya ba, zaren buhun algarara ko igiyar rama ko gashin tsohon buroshin fenti, ka yanka milimita 4 zuwa 6, wato ciyawa mai kai gwiwa kenan, ka tsoma gindin a gam ka dasa tsubi-tsubi, ba a jere ba.

Ɗan Kusiri:
Ita ciyawar ledar in kana so ta miƙe tsaye sai da na'ura mai caji, wasu suna haɗa tasu da raket ɗin kashe sauro, a cire ragar a ɗaura matacin shayi na ƙarfe a waya ɗaya, ɗayar wayar a ƙusa a soka cikin gam. Tana aiki amma tana ja fa, kuma tana tartsatsi, kada a kunna ta kusa da alkol ɗin da Anti ta ce a fesa.

Baffa Hamadu:
Duk kun faɗi naku amma ba wanda ya ambaci leda. Filin da direbobi ke kwana a bakinsa in ba baƙar leda a maƙale a waya, ba tsohuwar taya, ba duwatsu uku na murhun mai shayi da toka a tsakiya, to ba a ƙasar nan yake ba.

Ɗan Kusiri:
Haba Baffa, mutum ya kashe kuɗi da lokaci ya gina abu sannan ya zuba masa bola? In baƙi suka zo gani ko aka kai shi baje koli a makaranta me za'a ce, haka garinku yake? Ni nawa tsaf nake so, yadda ya kamata wuri ya kasance.

Nafi'u Figil:
To ai kai ɗazu kake cewa a bi gaskiya har faɗin layi, yanzu kuma an zo leda ka ce a rufa asiri 😂

Ɗan Kusiri:
Wancan awo ne wannan tarbiyya ce, ba ɗaya bane.

Maimuna Marwa:
Ni ina tare da Baffa amma da awo. Taya biyu uku a jingine, murhu ɗaya, leda 'yan kaɗan a inda iska ke tara su wato kusurwar katanga, ba a watsa ko'ina ba. Kuma kada a yanka ledar gaske, tana ƙyalli kuma ba ta lanƙwasa a wannan ƙanƙantar, takardar goge hanci za a raba ta zama falle ɗaya a shafa mata baƙin fenti a yanka kamar milimita 4 a murza da yatsa.

Sani Baladji:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, usoko. Janairu na zaɓa. Gobe in Allah ya kaimu zan zagaya wajen tasha in ƙare wa ƙasar kallo da safe da kuma yamma.

Malam Isa Garwa:
Ka duba daga waje, in kuma hoto kake so ko shiga ciki ka nemi izini tukuna, filin yana hannun kamfanin jirgin ƙasa na Camrail tun 1999 kuma akwai masu gadi. Ƙasar ma ba sai ta cikin tasha ba, duk gefen hanyar unguwarku ita ce.

Abakar Njamena:
Sani in ka tankaɗe ka ware min kwalba ɗaya ta jar nan ka bawa direba mai zuwa Kusiri, ina so in zuba a cikin tarago da jikin tayoyin kamiyo kamar yanzu suka iso daga kudu, ni kuma in aiko maka da karal da ƙaro.

Baffa Hamadu:
Ku rubuta a jikin kwalbar ko mene ne a ciki, kuma kada ku haɗa da farin garin tayil ɗin nan a ƙulli, shingen hanya yawa gare su, kada ku sa direban mutane dogon bayani.